Ciwon Daji Da Sababbin Hanyoyin Gano Shi: Inda Bincike Ya Kai Da Abin Da Ya Iso Yawunde

Daga Babban Masallacin Briqueterie zuwa ƙofar Hôpital Central tafiya ce da mai lafiya zai yi da ƙafa, kuma a gefen asibitin ne Centre Pasteur take, cibiyar awo da aka kafa tun 1959. Wanda ke Elig-Edzoa kuwa, Hôpital Général da ke Ngousso, inda sashen masu ciwon daji yake, ba shi da nisa da shi. Duk da wannan kusanci, likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kokawa cewa mafi yawan masu ciwon daji ba sa zuwa sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu, lokacin da ya riga ya bazu. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum 20,000 ne suka kamu da shi a Kamaru, fiye da 12,000 kuma suka rasu. Na nono ne kan gaba, sai na bakin mahaifa, da na ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda ake ce wa sankarar mafitsara, da na hanta.

Mun tattara wa 'yan uwa bayani kan fannoni uku da bincike ya yi nisa a cikinsu a shekarun nan: karanta rubutun gado da ke cikin ƙwayar ciwon, ɗaukar hoton cikin jiki, da ƙananan na'urorin da ke auna lafiyar mutum.

Abin da ke lalacewa a cikin jiki

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA. Zaren nan rubutu ne da haruffa huɗu kacal, amma yawansu ya kai wajen biliyan 3. An jera shi a ƙunshi 23, kowane ƙunshi biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikinsa akwai sassan gado kusan 20,000, kowane sashe da umarnin da yake ba ƙwayar: wani ya ce ta rabu biyu, wani ya ce ta tsaya, wani aikinsa gyara kuskuren rubutu. Idan kurakurai suka taru a sassan da ke riƙe da linzamin rabuwa, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara, ko kansa.

An kammala karanta rubutun gadon ɗan Adam karo na farko a 2003, bayan shekara 13 ana aiki da kuɗi kusan dala biliyan 3. Yau ana karanta na mutum guda cikin kwana ɗaya ko biyu da kuɗin da bai kai dala dubu ba. Saukar farashin nan ce ta sa likita zai iya tambayar wane kuskure ne ya haifar da ciwon wannan majinyaci, ya nemi maganin da ya dace da kuskuren. Misali mafi shahara shi ne wata sankarar jini da ke tasowa idan ƙunshi na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure. Tun 2001 akwai ƙwayar magani mai suna imatinib da ke toshe aikin wannan kuskure kai tsaye, kuma masu shan ta kullum da yawa suna yin shekaru masu yawa cikin harkokinsu.

Sankarar nono da batun gado

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne binciken ya taɓa garinmu, kuma nan ne maganganun mutane suka fi cutar da mata.

A 1994 da 1995 aka gano sassan gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu gyara zaren DNA idan ya tsinke. Macen da ta gaji ɗaya daga cikinsu a lalace, haɗarin ta kamu da sankarar nono kafin ta kai shekara 80 ya kai kusan bakwai cikin goma, ga kuma haɗarin sankarar ƙwan mace. Shekaru da yawa kusan duk abin da aka sani game da su daga matan Turai da Amurka ya fito. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Cikago, tana cikin waɗanda suka sauya wannan. A 2018 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon awon mata 1,136 masu sankarar nono a Ibadan, inda suka samu kusan 15 cikin ɗari suna ɗauke da gadon da ke jawo ciwon. A 2020 aka fitar da makamancinsa kan mata 196 daga Uganda da Kamaru, kuma na Kamaru a Hôpital Général na nan Yawunde aka same su, tare da Dakta Paul Ndom, wanda ya daɗe yana kula da masu ciwon daji a can. Adadin ya fito kusan 16 cikin ɗari. Wannan ya fi abin da aka saba gani a matan Turai idan aka auna su ba tare da zaɓe ba.

Abu biyu ya kamata a fahimta. Na farko, ko da wannan adadi, fiye da mata takwas cikin goma masu sankarar nono ba gadonta suka yi ba. Na biyu, idan gadon ne, ta wajen uba yana zuwa kamar yadda yake zuwa ta wajen uwa, kuma kowane ɗa ko 'ya na da rabi da rabi: ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Namijin da ya ɗauka shi ma yana cikin haɗarin sankarar mafitsara, wani lokaci har ta nono. Saboda haka masu cewa dangin uwa ne suka kawo cuta gida, ko masu hana auren 'yar gidan da aka taɓa yanke wa wata nono, ba su da hujja a ilimin likita. Ciwon kuma ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare, ko kwanciya, ko wanke kayan majinyaciya.

Gidan da ya kamata ya nemi shawarar likita kan awon gado shi ne wanda mace biyu ko uku na jini ɗaya suka yi sankarar nono ko ta ƙwan mace, musamman idan ta same su kafin shekara 50, ko kuma namiji ya yi sankarar nono. Amfanin sani shi ne a fara duba 'yan uwa mata da wuri, kuma akwai magani irin olaparib, wanda aka fara amincewa da shi a 2014, da ke aiki musamman a kan ciwon da ya taso daga lalacewar BRCA, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawanmu.

Akwai wani cikas da ya shafe mu kai tsaye. Sau da yawa ɗan Afirka kan yi awon gado sakamako ya dawo da cewa an ga wani bambanci a rubutun amma ba a san ko yana cutarwa ba. Dalili shi ne ma'ajiyar bayanan da ake gwadawa da ita cike take da Turawa; 'yan asalin Afirka ba su wuce biyu ko uku cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu ba, alhali nahiyar nan ta fi kowace yawan bambancin gado. A 2020 shirin H3Africa ya karanta rubutun mutum 426 daga ƙabilu 50, har da na Kamaru, ya samu bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Farfesa Ambroise Wonkam, wanda ya yi karatun likita a nan Yawunde, ya yi kira a 2021 da a karanta na 'yan Afirka miliyan 3. A ganinmu kiran ya dace, da sharaɗin duk wanda za a ɗebi jininsa a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya san inda jinin zai je da wanda zai riƙe bayanansa.

Kafin ma a kai ga awon gado, akwai awo mai sauƙi da ya fi shi gaggawa. Idan aka ciri ɗan nama daga ƙullutun nono, ana iya rina shi a gane ko ciwon yana cin abinci daga sinadarin mata na jiki, ko yana ɗauke da wani furotin mai suna HER2 da yawa, ko ba ko ɗaya. Na farko yana jin tamoxifen, ƙwaya mai araha da ake sha shekara biyar ko fiye. Na biyu yana jin trastuzumab. Na uku sai ƙarin ruwan maganin daji, wanda a asibitocinmu ake ce wa kimiyo. Majinyaciya ko mai jinyarta na da haƙƙin tambaya ko an yi wannan rini. Maganar da ake yi cewa ƙarfe ba ya taɓa daji, wai cirar naman awo ita ke tayar da ciwon, ta sa mata da yawa sun gudu daga asibiti a lokacin da ƙullutun bai wuce gyaɗa ba.

Hanta, gyaɗa da aska

Sankarar hanta ta fi kama maza, kuma a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya takan zo wa mutum yana ɗan shekara talatin da wani abu ko arba'in. Sanadinta babba shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda kusan baligi ɗaya cikin goma ke ɗauke da ita a Kamaru, kuma adadin ya fi haka a Jihar Arewa Mai Nisa. Yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, daga uwa wajen haihuwa ko tsakanin yara, ko ta aska da reza da aka yi wa wani amfani da su. Sanadi na biyu wani dafi ne mai suna afalatoksin, wanda fumfuna ke zubarwa a kan gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi. Suya ko dahuwa ba sa kashe shi gaba ɗaya.

Abin mamaki shi ne dafin nan yana barin sawunsa a rubutun gado. A 1991 masu bincike suka gano cewa a ciwon hantar mutanen kudancin Afirka da wani yanki na Sin ana yawan samun kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya, lamba ta 249 na wani sashen gado mai suna TP53, wanda shi ne mai tsaron ƙwayar halitta. Daga baya aka same shi a jinin majinyata a Gambiya. Wato masani zai dubi ciwon ya gane abin da mutum ya yi shekaru yana ci. Idan cutar hanta da dafin suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yana ninkuwa sau da yawa. Mu da ƙuli-ƙuli da yajin tsire da labun kilishi suke sana'armu kuma abincinmu, wannan ya shafe mu: gyaɗar da ta yi baƙi, ta motse, ko take ɗaci, a tsince ta a zubar, kada a niƙa ta a rakiyar mai kyau don araha. Allurar rigakafin cutar hanta tana cikin alluran jarirai a Kamaru tun 2005. Wanda aka haifa kafin nan ya je ya yi awon jini. In yana da ita, akwai magani irin tenofovir ga wanda likita ya ga yana buƙata, kuma waɗanda ke cikin haɗari akan ce su riƙa yin hoton hanta duk wata shida.

Kumburin muƙamuƙin yara

Akwai sankarar da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yaro cikin 'yan makonni. Likita Denis Burkitt ya bayyana ta a Uganda a 1958, kuma daga namanta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin mutum. Ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma a cikin ƙwayarta ƙunshi na 8 ne yake musayar gutsure, galibi da na 14. Ƙwayoyinta na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wannan saurin ne ya sa take jin magani. A asibitocin Banso da Mbingo da Mutengene an yi amfani da tsarin magani mai araha, inda kusan yara shida cikin goma suka cika shekara ba ciwon. A ƙasashe masu arziki ana warkar da fiye da tara cikin goma. A Yawunde sashen da ke karɓar irin waɗannan yara yana Centre Mère et Enfant na Gidauniyar Chantal Biya, kusa da Hôpital Central. Yaron da fuskarsa ta kumbura gefe ɗaya, haƙoransa suka fara girgiɗi, kada a tsaya ana shafe-shafe ana jiran ya sace.

Hoton cikin jiki

Takardar likita a nan da Faransanci take zuwa, don haka ga ma'anar sunayen. Radio shi ne hoton ƙashi da ƙirji da aka sani tun 1895. Échographie, wanda mata ke ce wa eko, da sauti yake aiki, ba shi da illa ko ga mai ciki. Scanner hasken radio ne da ke zagaya jiki yana fitar da shi yanka-yanka. Sau da yawa akan yi allurar wani ruwa mai haska jijiyoyi, shi ya sa ake fara awon ƙoda. IRM kuwa maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, ya fi kyau ga ƙwaƙwalwa da laka da ƙugu. Mai shiga cikinsa ya cire duk wani ƙarfe, har allurar ɗaura hijabi, kuma ya faɗa in akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa. Mammographie shi ne hoton nono. Da yake matanmu sun fi kamuwa suna 'yan arba'in da wani abu, lokacin da naman nono ke da kauri har ya ɓoye ƙullutu, likita kan haɗa shi da eko.

Masu azumi kan tambaya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa allurar da ba ta abinci ba da cirar ɗan nama don awo cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Ruwan da ake ba mutum ya sha kafin wasu hotunan ciki hukuncinsa daban, don haka a nemi a sa lokacin bayan shan ruwa ko a rama ranar.

Sabon abu a wannan fanni biyu ne. Na'urorin suna ƙanƙancewa: akwai kan eko da ake jonawa da waya a sa a aljihu, kuma a 2020 Amurka ta amince da wata IRM ta kai da ake turawa kan taya a jona ta da wutar ɗaki, wadda aka gwada a asibitin Balantaya a Malawi. Hotonta bai kai na babba kyau ba, amma tana zuwa inda babba ba za ta je ba. Na biyu shi ne kwamfuta mai koyon karanta hoto. A Suwidin an gwada ta a kan mata kusan 80,000, sakamakon 2023 ya nuna an gano ciwon da ya fi na da da kusan kashi 20 cikin ɗari, aikin karatun likitoci kuma ya ragu da kashi 44. Sai dai kwamfutar da ta koyi aiki a jikin matan Suwidin sai an sake gwada ta a namu kafin a dogara da ita.

Aikin da ya fi kusa da mu shi ne na asibitin Dschang a Jihar Yamma, tare da asibitin jami'ar Janeba. Sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ke jawo ta, nau'i na 16 da na 18 kaɗai su ke da kusan bakwai cikin goma. A Dschang mace da kanta take ɗibar ruwan awo da ɗan tsinke mai auduga, ita kaɗai a ɗaki, na'ura ta nemi DNA ɗin ƙwayar cutar cikin kamar awa guda. Wadda aka samu da ita kaɗai ake dubawa, a shafa ruwan tsami a ɗauki hoto da waya, in an ga tabo a ƙona shi da ɗan zafi a ranar. Ga matanmu da kunya ke hana su zuwa, wannan hanya ta cire babban shinge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wannan awo daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau. Rigakafin HPV kuma ya shiga alluran Kamaru a 2020 don 'yan mata masu shekara 9.

Na'urori masu auna jiki

Wanda ya fi suna a nan ɗan gida ne. Arthur Zang ya yi karatu a makarantar injiniyoyi ta Polytechnique a Yawunde, ya ƙera Cardiopad, allon kwamfuta da ake jona wa majinyaci wayoyinsa a ƙirji, ma'aikacin jinya a ƙauye ya ɗauki rubutun bugun zuciya ya aika wa likitan zuciya a birni ta layin waya. A lokacin likitocin zuciyar ƙasar ba su kai 50 ba, kuma kusan dukkansu a Yawunde da Duwala suke. Ya samu kyautar Rolex a 2014 da kyautar injiniyoyin Afirka a 2016. Abin ya shafi masu ciwon daji ma, domin doxorubicin da trastuzumab suna iya raunana zuciya, dole a riƙa duba ta yayin magani. A gundumar Okola kuma, arewa da Yawunde, a 2015 Farfesa Joseph Kamgno da abokan aikinsa suka auna jinin mutum fiye da 16,000 da madubin ƙara girma da aka ɗora wa waya, wanda ke ƙirga tsutsar loa cikin minti uku, don a ware waɗanda maganin makantar rafi zai iya cutarwa.

Na'ura tana kuskure, kuma wani kuskuren ya fi faɗa wa baƙar fata. Ɗan matsen nan da ake sa wa a yatsa don auna iskar jini da haske yake aiki ta cikin fata. Wani bincike a Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna cewa yana ɓoye ƙarancin iska a baƙar fata kusan sau uku fiye da farar fata. Lalle mai duhu a farce ma na iya rikita shi. In majinyaci yana haki, a gaya wa likita ko da lambar ta nuna lafiya.

Abin da ake ta magana a kai yanzu shi ne gano ciwon daji daga ɗigon jini, domin ƙwayoyin ciwon suna zubar da gutsattsarin DNA a cikinsa. A Ingila an sa mutum kusan 140,000 a gwajin irin wannan awo, kuma a Tanzaniya da Uganda an gwada shi a kan sankarar muƙamuƙin yara. Har yanzu yana kuskuren ciwon da yake ƙarami, kuma bai maye gurbin cirar nama ba. Duk wanda ya zo unguwa da wata na'ura da ake riƙewa a tafin hannu, ya ce tana gano dukkan cututtuka cikin minti biyar sannan ya sayar da magani, ba wannan binciken yake yi ba.

Naman da aka cira a asibiti ana daskarar da shi cikin kakin kyandir, a takarda ana kiransa bloc, kuma yakan yi shekaru bai lalace ba. Daga gare shi ake yin rini, daga gare shi ake karanta rubutun gadon ciwon in an samu hali daga baya, a nan ko a waje. Mai jinya ya rubuta lambar bloc ɗin da sunan ɗakin awon da ke riƙe da shi, ya haɗa da takardar sakamako da faifan scanner a jaka ɗaya, ya riƙa zuwa da su duk asibitin da aka tura shi.